Dutsen Auta na Ƙarshe

Litinin, da hantsi

Amarya ta yi mini murmushi yau. Uwarta ta ce ba murmushi ba ne, iska ce ke motsi a cikinta, amma ni na san abin da na gani. Na ɗaga ta wajen taga, ta kalli gemuna, ta saki baki. Na ce mata madalla, tunda ta amince da ni sai ta fara koyon girki, don ni ba na zama da malalaciya. Jikokina duk maza ne, ɓarayin hula, sai yanzu Allah ya ba ni mace. Ko haƙori ba ta da shi amma ta riga ta mallake ni.

Hannun 'yata Auta, uwar Amarya, shi ya kawo ni gidan nan. Tun da ta haihu wuyan hannunta na dama ke ciwo. Likita ya ce ɗaukar jariri ne, ya ba ta abin ɗauri, ya ce ta hutar da shi. Matata, uwar Auta, ta rasu, surukarta gwiwa ta hana ta hawa bene, mijin kuma aikin asibiti yake, wani lokaci can yake kwana. Aka ce wa zai riƙe yarinya? Na ce ga ni. Ƙannena suka yi ta dariya, wai tsoho zai tafi reno gidan suruki. Su yi ta yi. Na tsufa ina kwaso burodi mai zafi daga tanda, ban taɓa yar da ko ɗaya ba.

Malaminmu na ajin yamma ya ce wanda ya koyi rubutu da furfura, in bai motsa hannu kullum ba, rubutun guduwa yake. Shi ya sa na taho da littafin nan.

Talata, da la'asar

Auta ta tafi jami'a da safe, alhali hutun haihuwarta bai ƙare ba. Ta dawo ba ta ci abinci ba. Ta shiga ɗaki da waya, ta ja ƙofa. Ban tsaya saurare ba, amma bangon gidan nan ba shi da kauri. Na ji ta ambaci kwamiti, ta sake ambata.

Amarya tana lafiya. Ta yi gyatsa mai ƙarfi irin ta ɗan kasuwa.

Laraba, da yamma

Ta gaya mini. Zan rubuta yadda na fahimta, in na kuskure ba mai duba mini.

Aikin Auta shi ne ta dafa duwatsu. Haka na ce mata, ta ce ban yi nisa da gaskiya ba. Tana haɗa wasu ƙarafa a cikin narkakkiyar dalma, ta rufe a kwalba, ta sa a tanda. Fiye da wata guda abin yana hucewa a hankali. In an fasa kwalbar sai a tarar da 'yan duwatsu masu sheƙi, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai a wanke dalmar, a manna wa dutsen wayoyi, a tura shi cikin wani sanyi da babu irinsa a duniya sai a ɗakinsu, a ba shi wutar lantarki.

Ta ce kowace wayar lantarki da muka sani tana yi wa wuta tirjiya, shi ya sa take zafi. Amma akwai abubuwan da in sanyi ya kai wani wuri sai su daina tirjiya ɗungurungum, wuta ta wuce salin-alin. Masu irin aikinta neman waɗannan abubuwan suke yi. Bara dutsenta ya yi hakan. Ita da Farfesa, shugaban ɗakinsu, suka rubuta a mujalla, duniya ta karanta.

Yanzu wasu masana a wata ƙasa sun dafa irin dutsen, nasu ya ƙi. Sun rubuto wata magana da ta ƙi maimaita mini. Jami'a ta kafa kwamiti, za a turo wata malama daga waje ta tsaya a kanta ta sake gwajin. In bai yi ba, za a tambaya ko kuskure ta yi ko ƙarya. Wanda aka samu da ƙarya ba ya sake shiga kowane ɗakin gwaji.

Na ce to ta ɗauko duwatsun ta nuna musu mana. Ta ce saura ɗaya. An niƙa wasu don wani gwajin, ɗaya ya kufce daga hantsaki ya yi tsalle, har yau ba a gan shi ba. Ta sake dafawa kafin ta haihu, ba su fito ba. Wannan kam na gane. Gari ɗaya, yis ɗaya, hannu ɗaya, amma burodin jiya daban na yau daban.

Alhamis, da safe

Ƙarya. Auta. Na rubuta kalmomin biyu kusa da juna don in ga ko za su zauna. Ba su zauna ba.

Asabar, bayan azahar

Ta aro madubin nan mai ƙara girman abu, ta kafa shi a teburin cin abinci. Ashe babbar damuwar hannun ke nan. Wayoyi huɗu na zinariya ake manna wa dutsen, kowace ta fi gashi siranta, da ɗigon fentin azurfa. Ba inji ke yi ba, hannu ne. Kuma kwamiti ya ce ita za ta yi da kanta. Ta cire abin ɗaurin, ta fasa ƙwayar shinkafa biyu, tana gwadawa a kai. Ina daga kujera ina ganin bakin hantsakin yana rawa.

Burushin da take ɗiga fentin da shi ya ba ni dariya. Gashin ido ne guda ɗaya aka manna a bakin tsinken sakace. Ta ce duk masu aikin nan haka suke yi, ba a sayar da wanda ya fi shi. Nata ya lanƙwashe, ta ɗago ta ƙura wa fuskata ido.

"Baba, matso nan."

Kafin in ankara ta tsige mini gashin gira. Na ce wannan wace irin tarbiyya ce, mutum ya yi digiri uku don ya figi ubansa? Ta ce nawa ya fi ƙarfi, na tsofaffi ba ya lanƙwasa. Ta yi dariya, karon farko tun Talata. Na ce ta kwashe duka in tana so, Amarya ba don gira ta aure ni ba.

Da hannun ya fara zogi ta mayar da ɗaurin. Waya biyu kawai ta iya tsayarwa.

Lahadi, da magariba

Na hana ta ɗaukar Amarya ko na minti ɗaya. Ni ke kai ta, in sa matashi, ta sha, in ɗauke. Auta ta ce ta zama famfo. Na ce eh, famfo mai digiri.

Surukina ya dawo, ya gaishe ni a tsugunne kamar kullum. Shi yana jin nauyina, ni ina jin nauyinsa, matsalar kuma tana zaune a tsakaninmu. Ya ce mini komai zai wuce. Na ce haka ne. Ya shiga ciki.

Talata, da hantsi

Na ga wurin da idona. Dole ta je ta shirya inji, yarinya kuma ba ta karɓar kwalba, sai muka tafi mu uku.

Ɗakin yana can ƙasan ginin, ba taga. Tun daga matakala ake jin wani ƙara, cik, cik, cik, kamar tsuntsun ƙarfe, wai famfon sanyi ne, ba ya tsayawa dare da rana. A tsakiyar ɗakin akwai wata tukunya doguwa, ta fi ni tsawo, bututu sun fito mata ta ko'ina, wasu sun yi farin ƙanƙara. A cikinta maganaɗisu yake. An ja layin fenti rawaya a ƙasa kewaye da ita.

Mai kula da injinan wani dattijo ne mai tumbi, kowa Sarkin Sanyi yake ce masa. Ya tare ni a bakin layin, ya ce in zazzage aljihu: makulli, agogo, tsabar kuɗi, har abin yanke farce. Ya ce maganaɗisun ya taɓa fizge sufana daga hannun wani, ta tashi sama kamar shirwa. Na ce ni ba zan ƙetare ba, ina da iyali a hannu. Ya leƙa fuskar Amarya, ya ce ai wannan ta fi ƙarfina, in sakar masa. Na ce ya fara rage tumbi tukuna.

Na zauna a benci a waje. Ɗalibai suna wucewa, suna gaishe da Auta da Dakta, amma ba sa tsayawa. Ɗaya ta hango ta, ta juya kamar ta manta wani abu. Na lura. Auta ma ta lura.

Ta nuna mini dutsen a cikin wata 'yar kwalba. Sai da na sa tabarau. Baƙi ne, yana ƙyalli ta gefe guda. In ya faɗi a tabarma ba mai tsayawa nemansa. A kan wannan abin sunan 'yata yake rataye.

Laraba, da safe

Amarya ta kama yatsana ta ƙi saki. Amarya tana lafiya.

Alhamis, da la'asar

Farfesa ya zo gida, da kwalin kayan jarirai. Dogo ne, mai taushin murya, ya gaishe ni da girmamawa, ya ce 'yata ta fi kowa hannu a ɗakinsu. Na ji daɗi. Na ɗauki Amarya na koma baranda, amma taga a buɗe take.

Ya ce mata kwamiti abu ɗaya ya nema, a maimaita gwajin yadda aka yi shi da farko. To a maimaita. Kada ta ƙara komai, kada ta rage komai, kada ta taɓa jikin dutsen. Ya faɗi wannan ta fuska uku, kowace da murmushi. Ta ce ta ji. Ya ce mutane da yawa suna cin abinci a ɗakin nan, ba ita kaɗai ba. Ta ce ta sani.

Da ya tafi ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, kwalin yana hannunta na hagu.

Juma'a, da yamma

Yau na san abin da ke cin ta.

Mijinta ba ya nan, Amarya ta yi barci, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar lokacin da take firamare. Ta ce ita kanta dalmar da ake dafa dutsen a ciki, in ta ji sanyi sosai, tana daina yi wa wuta tirjiya. Kowane ɗalibi ya san haka, shi ya sa ake wanke dutsen da ruwan guba har dalmar ta fita tas. Lokacin da aka wanke waɗannan, tana da ƙaramin ciki, an hana ta shiga ɗakin guba. Wani ne ya wanke. In an bar ɗan saura, siriri yadda ido ba zai gani ba, to wutar ta kan dalmar za ta bi ta wuce, inji kuma ya ce dutsen ne. Ta ce sanyin da abin ya faru a kansa ya yi kusa da na dalma, kusa ƙwarai. Ta faɗa wa Farfesa tun bara, ya ce an wanke, kuma wasu na gab da riga su.

Na tambaye ta wa ya wanke. Ta ce ba shi ne zancen ba, sunanta ne a gaba a takardar, ita ya kamata ta duba. Na sake tambaya. Ta maimaita mini amsar nan.

Hanyar sani ɗaya ce. A goge dutsen da samfefa mai laushi ta kowane gefe, a cire fatarsa, sannan a gwada. In ya yi, nata ne, ba mai sake magana. In bai yi ba, dalma ce. Kuma in an goge an goge, ba a mayar da fata.

Na ce in ba ta goge ba fa? Ta ce zai yi yadda ya yi bara. Baƙuwar malamar da za a turo wataƙila ta tambaya, wataƙila ba za ta tambaya ba.

Daga nan na faɗi wata magana.

Asabar, da safe

Ta gaishe ni, ta ajiye mini shayi, ta koma kan madubinta. Ba ta ce Baba ba.

Asabar, da la'asar

Ai ba ni na fara faɗa ba, Farfesa ne, mutumin da ya fi ta ilimi. Kuma ba cewa na yi ta yi ƙarya ba. Cewa na yi ta bar dutsen yadda yake, ta yi abin da aka tambaye ta, ta dubi yarinyar nan. Wace uwa ce za ta ɗauki samfefa ta goge abincin 'yarta da hannunta? A gidan burodi in gefe ɗaya ya ɗan ƙone, juya shi ake yi ƙasa a jera, ba wanda ya taɓa mutuwa.

Na karanta abin da na rubuta. Rubutun ya fito da kyau, malaminmu zai yaba.

Amarya tana lafiya.

Lahadi, da hantsi

Wayoyi huɗu sun tsaya a kan shinkafa. Na gani ta gefen ido. Da ta tashi na leƙa madubin. Sun yi kamar ƙafafun gizo-gizo.

Na yi ta zagaya falo da Amarya ina gaya mata abubuwa. Na gaya mata yadda uwarta take kwance rediyona tana 'yar shekara tara, ta mayar, ya rage mata dunƙulen sukurori a hannu, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Na gaya mata uwarta ce ta raka ni ajin yamma ranar farko, don kunya ta hana ni shiga, ta tsaya a taga har na zauna. Amarya ta saurara da kyau, sannan ta yi mini fitsari a riga. Na ce an gode, sadaki ya fara fita.

Litinin, da magariba

Baƙuwar ta iso. Jibi ne gwajin. Gobe Auta za ta shirya dutsen.

Ban ci abinci ba. Na ce ciki ne.

Talata, bayan azahar

Muna benci ni da Amarya tun safe. Ƙofar ɗakin shiri tana da gilashi, ina hango bayan Auta.

Baƙuwar gajeriya ce, mai furfura, da takalmin roba kamar ta zo shara. Ba ta da yawan magana. Ta ja kujera ta zauna gefen Auta. Farfesa yana tsaye, hannu a aljihu.

Na ga Auta ta buɗe aljihun tebur ta ciro wata takarda mai ruwan toka, ta shimfiɗa a kan gilashi. Ba sai an gaya mini ba, samfefa ce. Farfesa ya sunkuya ya yi mata magana a hankali. Ta ba shi amsa ba ta ɗago ba. Ta juya ga baƙuwar ta yi bayani mai ɗan tsawo, tana nuna kwalbar. Baƙuwar ta cire tabarau, ta dube ta, ta gyaɗa kai. Farfesa ya fito, ya wuce ta gabana. Wannan karon bai gaishe ni ba.

Sarkin Sanyi ya zo ya zauna kusa da ni, bencin ya yi ƙara. Ya ce tun da yake aiki a nan bai taɓa ganin wanda ya goge dutsensa na ƙarshe ba. Na tambaye shi hauka ne ko? Ya ce shi injin sanyi ya sani. Ya miƙo mini gyaɗa.

Ta daɗe tana gogawa. Ba hannun take motsawa ba, yatsa ɗaya ne, a hankali, sai ta tsaya ta leƙa madubi. Can na ga kafaɗarta ta ɗaga ta tsaya cak. Ashe kusurwa ɗaya ce ta ɓalle, sauran yana nan. Da Amarya ta fara kuka ta fito ta shayar da ita a ofis, hannun yana kan matashi. Na so in ce wani abu. Na gyara mata matashin.

Talata, da yamma

Wayoyin sun tsaya. Ta ukun ta faɗi sau biyu, a na uku ta zauna. Da gashin girata.

Laraba, da safe

Yau ne. Na sa wa Amarya rigar da ta fi kyau, ban san dalili ba.

Laraba, da magariba

An zura dutsen cikin tukunyar da wata doguwar sanda. Sanyi ba ya sauka da gaggawa, sai da muka wuni. An juyo allon kwamfuta yadda ake gani daga bakin ƙofa, Sarkin Sanyi ya nuna mini abin da zan kalla. Wani layi ne kore yana tafiya daga dama zuwa hagu, yana gangarowa kaɗan-kaɗan. Ya ɗora yatsa a wani wuri, ya ce in ya iso nan, ko dai ya faɗo ƙasa tsaye kamar an tunkuɗa shi daga kan katanga, ko ya wuce.

Mutane sun taru a bayana, har waɗanda ke juyawa in sun hango ta. Ba mai magana sai famfon nan, cik, cik. Na yi duk addu'ar da na sani. Ban san me nake roƙo ba, na dai ce Allah ya faɗo da shi.

Layin ya iso wurin yatsan. Ya wuce.

Auta ta ce a ƙara sanyi. Aka ƙara, har inda injin ya ƙure. Layin ya miƙe abinsa kamar hanyar jirgi. Ta ce a ɗumama a sake. Aka sake. Haka.

Ta juya ga baƙuwar, muryarta ba ta rawa.

"Dalma ce. Abin da muka rubuta ba daidai ba ne. Ni zan rubuta a janye shi."

Baƙuwar ta rubuta wani abu, ta tambaye ta lambar samfefar da ta yi amfani da ita. Wallahi abin da ta tambaya ke nan.

Muka shiga mota. Amarya ta yi barci a ƙirjina, bakinta a buɗe.

Alhamis

Ba ta fito daga ɗaki ba sai don shayarwa.

Asabar, da hantsi

Wayarta ta daina ƙara. Da can ba ta hutawa. Na fi tsoron wannan shirun.

Surukina ya ɗauki hutu. Na ji shi a kicin yana ce mata in ma an sallame ta ba za su kwana da yunwa ba. Ta ce ba yunwa take tsoro ba. Ta ce ba ta iya komai ba sai wannan aikin, kuma ba ta son komai sai shi.

Hannun ya kumbura. Likita ya yi faɗa.

Litinin, da la'asar

Ta zauna gaban kwamiti. Ta ce sun tambaye ta wa ya wanke duwatsun, ta ba su amsar da ta ba ni. Sun tambayi Farfesa wasu abubuwa a gabanta, ba ta gaya mini amsarsa ba, ta dai ce ya yi ta goge tabarau. Sun ce za su kira ta.

Amarya ta fara juya kai in ta ji muryata. Na gwada daga ƙofa, na gwada daga bayan kujera. Duk inda na tsaya sai ta nemo ni. Na so in yi murna yadda ya kamata, murnar tana zuwa rabi sai ta tsaya.

Laraba, da safe

Shiru.

Alhamis, da yamma

Shiru. Na share baranda sau biyu. Na wanke kayan Amarya waɗanda ba su yi datti ba.

Juma'a, da la'asar

Ta dawo ta same ni a matakalar baranda da yarinya a cinya. Ta ajiye jaka, ta zauna a matakala ta ƙasa, ta ba ni baya.

Ta ce sun ce kuskure ne, ba ƙarya ba. Baƙuwar ta rubuta musu cewa ba wanda ya nemi a goge dutsen, ita kanta ba ta yi niyyar nema ba, mai dutsen ce ta goge da hannunta a gabanta. Za a janye takardar. Ƙarin girman da take jira ya tafi, ba a ce sai yaushe ba. Za a mayar da ita ƙarƙashin wani malami, a wani ɗaki ƙarami, tandarsa tsohuwa ce. Litinin za ta koma.

Na ce Alhamdu lillahi, na sake cewa. Sai na fara kawo zancen maganar da na yi mata ranar nan, ta ɗaga hannun mai ɗauri ta tsayar da ni.

"Baba, tsoro ka ji. Ni ma na ji."

Ta jingina kanta da gwiwata. Muka zauna haka har inuwa ta bar barandar.

Asabar, da safe

Na tashi da sauƙi a ƙirji, amma akwai abin da ya ƙi barina. Auta yarinya ce mai jin magana. Cikin 'ya'yana ita ce ba ta taɓa ƙetare abin da na ce ba. In na ce zauna ta zauna, in na ce bari ta bari, har yayyenta suna ce mata 'yar gaban goshi. Ranar nan da ta zauna kusa da ƙafata, ba labari ta zo ba ni ba, shawara ta zo nema. Kuma na ba ta. Da ta yi yadda ta saba, da yanzu muna cikin murna, an yi mata ƙarin girma, ni kuma ina yawo ina cewa ni na ba ta shawara, muna jiran ranar da wani a wata ƙasa zai ɗauko samfefa.

Sau ɗaya ke nan a rayuwarta da ta ƙi bin maganata.

Na ɗauki Amarya na kai ta wajen taga. Na ce mata ta saurara da kyau, don ba zan maimaita a gaban mutane ba. Ni ne maigida, wannan ba gardama. Amma duk abin da na ce ta yi, ta fara zuwa ta tambayi uwarta.